Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin Turanci na teku, ruwa da dabbobin cikinsa

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa daga ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, da masu kallon shirin dabbobi a talabijin, da kuma ƴan'uwanmu da neman abinci ya kai su Legas ko Fatakwal ko Akara ko Kwatano suka ga teku ido da ido. Matsalar kusan kullum ɗaya ce, mu mutanen tudu ne, ruwanmu kogi ne da tafki da fadama, a nan kam muna da kalmomi har sun yi yawa, amma da an zo maganar teku sai ƙamus ya ba ka kalma ɗaya ta rufe abu biyar. Shi yasa ban tsaya kan kaza shi ne kaza ba, na fi so mutum ya fara gane abin kansa tukunna, sunan zai zauna daga baya.

Malam wai mene ne tide? Na duba wani wuri an ce igiyar ruwa.

A'a ɗan'uwa, ba igiyar ruwa ba ce, kuma wannan fassarar ta ɓatar da ɗalibai da yawa. Tide shi ne cikowar teku da janyewarsa a kullum. Idan ka zauna a gaɓa za ka ga ruwan yana ta matsowa a hankali har ya cinye wurin da ɗazu yashi ne busasshe, ya kai iyakarsa, sannan ya fara komawa baya har kwale-kwalen da ke kan ruwa ka gan su zaune a kan laka. Lokacin da ya cika maƙil shi ne high tide, lokacin da ya gama janyewa low tide. Shi tafiyar janyewar ana ce mata ebb, tahowar kuma flow ko flood tide, to kar ka ga flood a nan ka ce ambaliya, cikowa ce ta yau da kullum.

A yawancin gaɓoɓi sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Wannan minti 50 ɗin ka riƙe shi, yanzu za ka ga inda ya fito.

To me ke jawo shi? Iska ce?

Wata ne, sai rana ta taimaka. Wata yana nesa da mu kusan kilomita 384,000 amma yana jan duniya, kuma jan nan ba daidai yake a ko'ina ba. Gefen duniya da ke fuskantar wata shi ake ja da ƙarfi sai ruwan wurin ya tasa, gefen da ya ba shi baya kuma jan ya fi rauni a can, sai ruwan can ya zama an baro shi a baya, shi ma ya tasa. Kaga tudun ruwa biyu kenan, ɗaya ta nan ɗaya ta can, duniya kuma tana juyawa tana ratsa su, shi yasa ake samun cika biyu a yini.

Minti 50 ɗin kuwa kowa ya san shi ko bai san ya sani ba. Duk mai lura da wata a azumi ya san kullum yana ƙara jinkirin fitowa, daren goma sha biyar da magariba yake fitowa, bayan ƴan kwanaki sai bayan isha, to wannan jinkirin ne dai teku yake bi. Rana ta fi wata girma nesa ba kusa ba, amma saboda nisanta tasirinta a kan tide bai kai rabin na wata ba. Isaac Newton ne ya fitar da lissafin abin a 1687, duk da masunta da matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin cewa teku da wata tafiyarsu ɗaya.

Spring tide fa? A lokacin bazara yake zuwa?

Ko kaɗan, ba ruwansa da yanayin shekara, sau biyu yake zuwa a kowane wata. Spring a nan daga ma'anar zabura ko tasowa take. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, jan nasu sai ya haɗu, ruwa ya cika fiye da kullum kuma ya janye fiye da kullum. Kishiyarsa neap tide, wajen 7 ko 8 ga wata da kuma 22 ko 23, lokacin da wata yake rabi, a nan bambancin cika da janyewa kaɗan ne. Mu da muke ƙirga kwanan wata na Musulunci wallahi wannan darasin ya fi mana sauƙi a kan ɗan Turawa, don kalandarsa ba ta gaya masa komai game da wata, tamu kuwa da ka san yau nawa ga wata ka san halin da teku ke ciki.

Tunda an taɓo spring, ku sani tana kuma nufin idon ruwa, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, irin Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi mai ruwan ɗumi.

Ya aka yi wani wuri ruwan ke tashi sosai wani wuri ba a ma lura?

Siffar gaɓar ce da zurfin wurin. Tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ita ake kira tidal range. A Legas kusan mita ɗaya ce, idan ka yi gabas wajen Kalaba ta kai wajen mita uku, a Bahar Rum kuwa ƴar kaɗan ce a yawancin wurare. Wadda ta fi ko'ina a duniya tana Bay of Fundy a Kanada, tana kai wa mita 16. Ka ɗauki ruwa a baho ka riƙa karkaɗa shi daidai da yadda yake kai-komo, za ka ga yana ƙara hawa gefe har ya zube, to haka tsawon wannan mashigin ya yi daidai da lokacin tide, kowace cika tana ƙara tura wadda ta gabata.

Har wutar lantarki ake samu da shi. Faransa ta buɗe tashar La Rance a 1966, Koriya ta Kudu ta buɗe ta Sihwa a 2011.

Kogin Kwara da Tafkin Chadi suna yin tide?

Ba wanda za ka gani da ido. Cikar kogi a wurinmu ta damina ce ko sakin ruwan dam, ba ta wata ba. Sai dai can ƙarshen kogi kusa da teku, irin su Bonny da Warri, nan kam tide yana turo ruwa ciki kullum, masu jirage ma da shi suke lissafin shiga da fita.

Wave, current, tsunami, duk ba abu ɗaya ba ne?

Wave ita ce igiyar ruwa ko raƙumin ruwa, yawanci iska ke tayar da ita, tana zuwa duk bayan ƴan daƙiƙu ta fashe a gaɓa. Current kuma ruwa ne mai tafiya ta fuska ɗaya, abin da muke cewa ruwan nan yana da ja, kuma kalmar ce dai ake amfani da ita a wutar lantarki.

Akwai guda ɗaya da nake roƙon duk mai zuwa bakin teku ya sani, rip current. Wata siririyar hanya ce da ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yake bi ya koma ciki da gudu, kuma abin haɗarin shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali don igiya ba ta cika fashewa a nan ba. Yaranmu da suka koyi iyo a kududdufi ko rafi suna zuwa Legas ko Labadi a Akara su shiga da ƙarfin gwiwa, ruwan ya ja su, su yi ta kokawar dawowa kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. Idan Allah ya kiyaye ya kama ka kar ka yi faɗa da shi, ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga hanyarsa sannan ka juyo, in ka gaji ka kwanta a kan ruwan ka ɗaga hannu a gan ka. Wanda bai iya iyo sosai ba kuma dan Allah kar ya wuce gwiwa.

Tsunami kalmar Japan ce, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ce yawanci ke jawo ta, wani lokacin aman wuta ko zaftarewar ƙasa. Ta 26 ga Disamba 2004 a Tekun Indiya ta kashe mutum sama da 200,000, akasari a Indunusiya, ta kai har Somaliya, sai ta Japan a 11 ga Maris 2011. Tsofaffin littattafai suna ce mata tidal wave amma ba ta da alaƙa da tide. Wata alamarta ita ce teku ya janye farat ɗaya nesa sosai ba a lokacinsa ba, wanda ya ga haka ya nemi tudu da gudu. Storm surge kuma guguwa ce ke turo teku cikin gari.

Na ga an rubuta time and tide wait for no man, me ya haɗa lokaci da teku?

A tsohon Turanci tide lokaci take nufi, shi yasa har yanzu suke ce wa lokacin Kirsimeti Yuletide. Ma'anar maganar dai lokaci ba ya jiran kowa. In ka ji ɗan jarida ya ce turn the tide kuma yana nufin al'amari ya juya, wanda ake rinjaya ya fara rinjaye.

Sea da ocean, duka teku muke cewa. Akwai bambanci?

Akwai. Ocean su ne manyan guda biyar, Fasifik wanda ya fi duka girma da zurfi, akwai wurin da ya kusa kilomita 11 a cikinsa, sai Atlantika wanda Najeriya da Gana da Kamaru ke bakinsa, sai na Indiya, da na Kudu da ya zagaye Antaktika, da Aktik a can ƙuryar arewa. Sea ya fi ƙanƙanta kuma yawanci ƙasa ta kusa zagaye shi, irin Bahar Maliya da alhazanmu ke gani a Jidda da Bahar Rum. Amma fa Turawan ma ba su tsaya kan ƙa'idar ba, Caspian Sea tafki ne, shi ne ma tafki mafi girma a duniya, Dead Sea shi ma tafki ne mai gishirin da ya ninka na teku kusan sau goma. A maganar yau da kullum kuma the sea kawai suke cewa ga kowanne.

Gulf, bay, strait, canal, kullum ina jin su a labarai.

Gulf da bay duka wuri ne da teku ya kutso cikin ƙasa, gulf ya fi girma galibi. Gulf of Guinea shi ne namu, inda ake ta maganar ƴan fashin teku. Strait mashigi ne siriri da Allah ya yi tsakanin ƙasa biyu yana haɗa teku da teku, irin Hormuz da jiragen mai ke bi da Babul Mandab tsakanin Yaman da Jibuti. Canal kuwa mutum ne ya haƙa, Suez a Masar an buɗe ta a 1869, ita ce wadda jirgin Ever Given ya toshe a Maris 2021. Hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa ma canal ne, girma ne kawai ya bambanta.

Lagoon, estuary da delta fa?

Lagoon ruwa ne marar zurfi da yashi ko tsibiri ya raba shi da teku amma akwai ƴar ƙofa tsakaninsu. Wanda gadar Third Mainland ta bi ta kai shi ne misali, sunan Lagos ɗin ma daga Fotugis ya zo, tafkuna yake nufi a harshensu. Estuary wurin da kogi ya buɗe baki ya haɗu da teku ne, ruwan daɗi da na gishiri su gauraya. Delta kuma kogi ne ya rarrabu rassa rassa kafin ya shiga teku saboda lakar da ya kwaso ta taru ta tare masa hanya, sunan daga wani harafin Girka ne mai kusurwa uku don haka na kogin Nilu yake a taswira, namu kuma Neja Delta.

Ga wani tarko da ke kama ɗalibai a jarrabawa. River mouth ba bakin kogi ba ne yadda muke nufi. In Bahaushe ya ce yana bakin kogi to a gaɓa yake, wannan a Turanci bank ne, kalma ɗaya da bankin kuɗi. Mouth shi ne ƙarshen kogi inda ya zuba a teku ko tafki, source kuma mafarinsa. Tributary ƙaramin kogi ne da ke zuba a babba, kamar yadda kogin Kaduna da na Sakkwato ke zuba a Kwara, Gongola kuma a Binuwai. Inda biyu suka haɗu confluence, shi yasa ake yi wa jihar Kogi laƙabi da shi saboda Lakwaja.

Fresh water sabon ruwa ne?

A'a, ruwan daɗi ne, wanda ba gishiri, ko da ya shekara a tafki. Ba kuma yana nufin mai tsabta ba, ruwan da ya dace a sha potable ake ce masa. Salt water na teku ne, kowace lita tana da gishiri kusan giram 35, shan sa ƙara ƙishi yake. Na tsakiyarsu brackish, mu muna da kalmarsa tuntuni, ruwan zartsi. Kusan kashi 97 cikin ɗari na ruwan duniya mai gishiri ne, ragowar ma yawancinsa ƙanƙara ce.

Sauran na gida ba sa buƙatar dogon bayani, stream rafi ko ƙorama, pond kududdufi, lake tafki, well rijiya, floodplain fadama, wetland irin dausayin Haɗeja da Nguru. Dam ita ce katangar da ta tare ruwan, ruwan da ya taru a bayanta reservoir, duk da mu duka dam muke cewa, Tiga ko Kainji ko Alau.

Whale kifi ne? Ai kifin whale ake cewa.

Haka ake faɗa a rediyo amma a ilimin halittu ba kifi ba ne, mammal ne, wato dabba mai haihuwa ta shayar da nono. Ba shi da gills, abin nan ja da ke ƙarƙashin marfin kan kifi da yake shaƙar iska da shi a cikin ruwa. Huhu gare shi, dole ya taso sama ya shaƙa ta hancin da ke tsakiyar kansa, in ya maƙale a ƙarƙashin ruwa zai mutu ne kamar kowace dabba. Hanya mai sauƙi ta ganewa, jelar kifi a tsaye take tana kaɗawa dama da hagu, ta whale da dolphin a kwance take tana sama da ƙasa. Blue whale yana kai wa mita 30, nauyinsa ya haura tan 100 nesa, ba a san dabbar da ta taɓa kai shi nauyi ba, kuma abincinsa wasu ƴan mitsi-mitsin jatan lande ne da ake kira krill.

Ana yawan haɗa wannan tambayar da ƙissar Annabi Yunus, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Kalmar da ta zo a Alƙur'ani ita ce hut, malamanmu suna fassara ta da kifi, masu fassarar Turanci kuma wasu sun sa fish wasu whale. Rabe-raben ilimin halittu na baya-bayan nan ne, ba shi da wani karo da yadda Larabci ya kira abin.

Shark shi kam kifi ne na gaske, sai dai ba ƙashi a jikinsa, guringuntsi ne. Whale shark ma shark ne, shi ne kifi mafi girma a duniya, kuma ba ya cin mutane.

Ayu fa, yana da suna a Turanci?

Manatee. Wannan namu ne, yana cikin Kwara da Binuwai da rassansu har zuwa Nijar da Mali, shi ma mai shayarwa ne, yawanci ciyawar ruwa yake ci, ba ya cutar da kowa. Cikinsa kusan shekara guda ne kuma ɗa ɗaya yake haifa, shi yasa kowane ɗaya da aka kashe cike gurbinsa yana daɗewa. Farautarsa da ake yi don nama da kuma man ayu da ake ta talla ta rage shi sosai, ga taru da yake maƙalewa a ciki ga dam-dam da suka yanke masa hanya, dokar Najeriya ta hana kashe shi amma ba a cika bi ba. Ni dai abin yana damuna, dabba ce da kakanninmu Sarkawa suka sani ciki da waje, kuma a yadda ake tafiya jikokinmu sai dai su ji sunan a bakin masu sayar da mai. Ɗan'uwansa na teku dugong, yana Bahar Maliya da Tekun Indiya.

Dorina ita ce hippopotamus, kalmar Girka ce mai nufin dokin kogi. Karen ruwa otter.

Crocodile da alligator wanne ne kada?

Namu na Afirka crocodile ne. Alligator a Amurka da Chana kawai yake, bakinsa faffaɗa ne, in ya rufe ba ka ganin haƙoran ƙasa, na kada kuwa ya fi tsini kuma haƙora a waje ko ya rufe. Tortoise kunkuru na tudu, turtle na ruwa irin kififiya, amma Amurkawa turtle suke ce wa duka. Frog da toad mu duka kwaɗo ne, toad shi ne mai kaushin fata da ke yawo a tsakar gida da damina, frog mai santsi mai dogayen ƙafafu da ba ya nisa da ruwa. Tadpole talibambam, leech matsattsaku.

Shrimp, prawn, crayfish, lobster, na rikice.

Kana da gaskiya ka rikice don su ma masu harshen ba su daidaita ba. Shrimp da prawn jatan lande ne, Amurka ta fi cewa shrimp, Ingila prawn, wasu kuma manya suke kira prawn. Kirifish ɗin da ake daka mana a miya a kasuwa ƙananan jatan lande ne busassu, amma asalin crayfish a Turanci wata halitta ce ta ruwan daɗi mai hannuwan matsa guda biyu, lobster kuma babban yayanta na teku. Crab ƙaguwa. Duka dangin nan crustacean, in aka haɗa su da masu ƙwanso irin oyster, wadda ake samun lu'ulu'u a cikinta, sai a ce shellfish. Wannan kalmar ku riƙe ta da kyau don akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar su ko kaɗan, har numfashi ya sarƙe, in likita ya tambaye ka ita su yake nufi.

Cowrie shi ne wuri, kuɗin da aka yi ta ciniki da shi a Kano da Katsina kafin zuwan sulalla, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya ya fito.

Jellyfish da starfish kifaye ne tunda akwai fish a sunan?

Ba ko ɗaya, ba su da ƙashin baya ma. Jellyfish yana harbi ko an turo shi gaɓa ya mutu, kar yara su taɓa. Seahorse kuwa da bai yi kama da kifi ba shi kifi ne, kuma namijin ke ɗaukar ƙwai a jakar cikinsa har su ƙyanƙyashe. Octopus hannu takwas, zuciya uku, jininsa shuɗi. Squid yana da takwas ɗin da ƙarin dogaye biyu. Coral shi ne murjani, mutane na ɗauka dutse ne ko tsiro, alhali ƙananan dabbobi ne suka taru suka gina shi.

Kifayenmu na gida ya sunansu yake a Turanci?

Nan ne Hausa ta fi ƙarfi. Tarwaɗa catfish ce, amma Turanci ya zuba ƙurungu da ragon ruwa da minjirya duk a cikin catfish, mu kuwa kowanne da sunansa, kuma ba masuncin da zai haɗa su. Minjirya electric catfish, mai ba da shokin, ba ita ce electric eel ta Kudancin Amurka ba. Karfasa tilapia. Giwan ruwa Nile perch, irin manyan da ake alfahari da kamawa a kogin Matan Fada lokacin bikin Argungu da aka fara a 1934. Tsage tigerfish. Gaiwa lungfish, sunan ya dace don tana da huhu, in fadama ta bushe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina ta yi watanni tana shaƙar iska har ruwa ya dawo.

Na kasuwa kuma, wanda ake kira taitus mackerel ne, na gwangwani sardine, stockfish ba sunan kifi ba ne, cod ne da danginsa da ake busarwa a iska a Nowe ake shigo da shi. Banda smoked fish.

Ina son fara kiwon kifi, su fingerling da juvenile da ake faɗa fa?

Matakan girma ne. Fry wanda bai daɗe da ƙyanƙyasa ba, fingerling ya kai tsawon yatsa, daga finger sunan ya fito, juvenile ya ɗara shi kuma ya fi jure wahala, shi yasa ake ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ko da ya fi tsada. Table size wanda ya isa ci, broodstock iyayen da ake ajiyewa don ƙwai, hatchery wurin ƙyanƙyasa. In aka ce ka yi sorting ana nufin ka ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta in ta fi ta girma, kuma nan ne sabbin masu kiwo ke asara ba su san ina kifin ya tafi ba. Sana'ar gaba ɗaya aquaculture.

Fish ko fishes, wanne ne jam'i?

Fish, ko guda ɗari ne. Fishes sai in ana maganar iri daban-daban, kamar a ce kifayen Tafkin Chadi ana nufin nau'o'insu. Garkensu school ko shoal. Aquatic duk abin da ke rayuwa a ruwa ne kowane iri, marine na teku kaɗai, amphibian mai fara rayuwa a ruwa ya ƙarasa a tudu irin kwaɗo.

Su ƙaguwa da octopus ɗin nan ya halatta a ci?

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi dabbobin teku halal ne kuma ba sa buƙatar yanka, Hanafiyya kuma sun taƙaita a kan kifi kawai, shi yasa za ka ga abokin aikinka ɗan Pakistan ko Turkiyya ya ƙi taɓa wasu. Masu rayuwa a ruwa da tudu duka irin kada da kwaɗo akwai saɓani a kansu, wannan kam ka kai wa malamin fiƙihu na unguwarku ya warware maka.